Muryar Bayan Zana

A tashar Mayahi, bayan rumfar masu faci, akwai wani itacen bedi da samari suka laƙaba wa suna Jami'a. Ba allo, ba alli, ko benci babu. Sidi ne kawai da butar shayinsa, tsohon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Agadas da Sabha, sai kuma duk wanda ke shirin ƙetare sahara yana tsoron ya isa can ya zama kurma. Ba Larabcin malamai Sidi ke koyarwa ba. Na titin Libiya ne, wanda ake neman aiki da shi, a roƙi ruwa, a ba mai bindiga haƙuri.

Cikin ɗaliban nan babu kamar Sabiru, ɗan kabu-kabu daga Gidan Amumune, wanda duk tasha ta fi sani da Mai Ja saboda launin babur ɗinsa. Allah ya ba shi kunne. Abin da Sidi ya faɗa sau ɗaya ya zauna masa, har da yadda ake murɗa baki da yadda ake daka tsawa. Shi ma ya san ya iya, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye hakan ba.

Al'adar Jami'a ce, kowace ranar kasuwa kafin a fara, kowa ya faɗi inda ya gwada Larabcinsa cikin mako. Nan ake shan dariya. Na Allah, wanda kansa ke riƙe kalma kamar yadda kwando ke riƙe ruwa, ya ce shi da awakinsa yake yi.

"Wallahi akuyar nan ta hi ni ganewa," in ji shi. "Amma jiya matata ta ji ni bayan ɗaki ina ta gaisawa ni kaɗai. Kahin in juyo ta ɗebo garwashi ta zuba min hayaƙi, wai iskoki sun kama ni."

Audu ya ce nasa ya fi muni. Ya sami wani Balarabe mai sayar da kayan salula a Tasawa, ya tambaye shi farashi da Larabci tsaf, mutumin ya yi murna ya buɗe baki ya yi ta zuba kamar ruwan Agusta.

"To mi kac ce mai?" aka tambaye shi.

"Amin nac ce. Na shahwa, na yi gaba."

Aka kwashe da dariya har mai faci ya leƙo. Sabiru dai murmushi kawai ya yi, don ranar ce ta ƙarshe gare shi a gindin bedin. Ya gama magana da Haladu dillalin babura: bayan azahar zai kai masa Ja, babur ɗin nasa, bakin kasuwa a sayar, ya miƙa makulli, gobe ya shiga motar Tasawa, daga can Damagaram, daga can sai arewa. Gero ya ƙi bana kamar yadda ya ƙi bara, esansi, wato man fetur, ya yi tsada, 'yan kabu-kabu sun fi fasinja yawa. Mahaifinsa ya sa albarka. Ƙanwarsa Hafiza ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, ita ce kuwa ta tsaya masa a rai.

Shi ɗan fari ne. Kowa ya san abin da wannan ke nufi a gidan da bai saki al'ada ba, Zara'u kuwa ko zare ɗaya ba ta saki ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, can ya girma. Uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ba. In tana da magana da shi sai ta faɗa wa Hafiza, ko bango, ko kazar da ta zo wucewa. Sabiru ya san kunya ce, ba yaro ba ne balle a zaunar da shi a yi masa bayani. Amma sanin bai hana abin ci masa rai ba. Ranar da ya durƙusa a tsakar gida ya ce zai tafi Libiya, tana sheƙar wake. Ko dakatawa ba ta yi ba. Ta ce wa Hafiza, "Ki ce ma wanda yat tare min iska shi matsa." Ya matsa. Ya fita yana cewa a ransa, ko labarin mutuwarsa aka kawo ƙila ba za ta ajiye ƙwaryar nan ba. Mugun tunani ne, ya sani, amma ya yi shi, ya kuma ci gaba da yi.

Da aka tashi karatu Sidi ya yafito shi da hannu. Mura ta shaƙe tsohon, da kyar ake jin abin da yake faɗa.

"Mai Ja, muryata ta mutu yau. Ka tahi gidana bayan kara ka iske Lalla, ka yi mata abin da nike yi mata duk kasuwa."

"Mi kake yi mata, Baba Sidi?"

"Murya. In ka je ka gani."

Azahar da saura, ga shi ba a musa wa Sidi. Sabiru ya tayar da babur ya bi ta bayan kasuwar dabbobi.

Tun daga ƙofar gidan ya fara mamaki. Zauren cike yake da farantai da kwanduna da ƙorai, irin na mata 'yan kasuwa, an jera su gefe guda an rurrufe da faifai. Daga ciki kuma wani amo ke tashi, muryoyin mata da yawa suna maimaita magana ɗaya tare. Ya kasa kunne. Larabci ne. Ba kuma na yara 'yan Islamiyya ba, muryoyin manya ne, wasu har rawar tsufa suke yi, kuma irin Larabcin gindin bedi ne sak. Ya tsaya da makulli a hannu, baki buɗe. Me tsofaffin mata za su yi da Larabcin neman aiki? Su ma saharar za su ƙetara?

Lalla, matar Sidi, ta fito ta same shi a haka. Doguwa ce, cikin baƙin lulluɓi, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa.

"Kai ne Mai Ja? Ya ce ka iya tsawa."

"Inna, waɗanga hwa? Ina za su?"

"Ba inda za su. Ku kuna koyon na tahiya, su suna koyon na nema."

Ganin bai gane ba, ta gaya masa a tsaitsaye. Akwai wata Rukaiya daga Attantane, ɗanta Lamine yana Libiya. Wata rana salularta ta yi ƙara, wani namiji ya yi ta magana da Larabci, ba abin da ta tsinta sai sunan ɗanta. Ta ɗauka maigidansa ne ya kira gaisuwa. Ta yi ta cewa lafiya lau, na gode, Allah ya yi albarka, tana dariya, har ta miƙa wa jikokinta su ma su gaida Balarabe. Mutumin ya kashe. Lambar ba ta sake shiga ba, Lamine bai sake kira ba. Har yau ba ta san abin da aka gaya mata ba: yana gidan kaso ne, yana likita ne, wato asibiti, ko an binne shi ne tana godiya.

"Ita taf hwara zuwa wurina," in ji Lalla. "Tac ce in koya mata, ko Allah na sa a sake kira. Ita ta jawo sauran. Duk wadda ka ji a ciki tana da ɗa ko miji can, ko yana shirin tahiya."

Sabiru ya ji wani abu ya taɓa masa ƙirji, amma ya share. Shi ai ba zai ɓata ba. Masu ɓata ba su da Larabci irin nasa.

Lalla ta shigar da shi ta wata ƙaramar ƙofa ta gefe. An raba tsakar gidan biyu da doguwar zana: mata can, shi nan, ba mai ganin wani. Ta ba shi kujera 'yar tsugune, ta miƙa masa tsohon rawanin Sidi ya naɗe baki da shi don muryar ta toshe kamar ta cikin salula. Ita za ta tsaya a ƙarshen zanar inda zai riƙa ganinta. In ta haɗa wuyan hannayenta, ya ce yaro yana gidan kaso. In ta dafa goshi, yana likita. In ta kifa tafin hannu ƙasa, ya rasu.

"Ka yi sauri, ka yi hwaɗa, ka katse su," ta ce. "Kak ka ji tausai. Can ba mai jin tausansu. In ka yi musu laushi ka cuce su."

Ta farko wata ce mai ƙaramar murya, mijinta take nema. Sabiru ya buɗe mata wuta. Ya tambaye ta wace ce, me take so, wa ya ba ta wannan lamba, duk a numfashi ɗaya. Baiwar Allah ta rikice ta koma Hausa, mata suka yi ta dariya suna ba ta dabara. Wata ta ce ita in mutum ya yi sauri *bishwayya* take cewa, wato a hankali, ta yi ta faɗa har ya gaji ya sassauta. Wata ta ce ita wurin daka take haddace nata, kowace kalma da saukar taɓarya. Aka sake, Lalla ta haɗa wuyan hannu, ya ce gidan kaso, matar ta gane, aka yi mata guɗa ƙasa-ƙasa. Gaskiya Sabiru ya ji daɗin kansa. Har wani ashar ya ƙara da Sidi ya koya musu a ɓoye, Lalla ta harare shi amma ba ta hana ba.

Sai aka ce Rukaiya ta taso.

Muryarta a daidaice take, ba gaggawa. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta, ta ce ita ce uwar Lamine, ta tambaya ko yana nan. Sabiru ya dubi Lalla. Lalla ta kifa hannu.

Ya kau da kai. Lalla ta zare masa ido. Ya tattaro murya ya ce, "*Mat.*" Ya mutu.

Ya zaci kuka zai ji, ko a ce a bar wasan nan haka. Ba ko ɗaya. Rukaiya ta ja numfashi ta ce innalillahi, sannan ta ci gaba da Larabcinta, kalma bayan kalma, kamar mai taka ƙasa mai ƙaya. Yaushe? A wane gari? An yi masa wanka? An yi masa salla? Akwai wanda ya san kabarin? Sabiru ya riƙa ƙago amsa. Da ta gama ta yi masa godiya, mata suka ce madalla Rukaiya, yau ko sau ɗaya ba ki rikice ba. Wata har ta tafa mata.

Abin ya girgiza shi. Wace irin makaranta ce wannan, inda ake yaba wa uwa don ta iya karɓar mutuwar ɗanta ba tuntuɓe? Ya ji duk daɗin da yake ji ya tsere, rawanin ya dame shi, kujerar ta yi masa tauri. Ya yi wa Lalla alama da hannu cewa zai tafi, ana jiransa. Ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Saura guda. Sabuwa ce, ba ta daɗe da hwarawa ba, amma ta hi kowa naci. Ita nata bai ma tahi ba tukuna." Ta ɗaga murya. "Mai daddawa, taso!"

Ya ji takun ƙafa, ya ji an zauna dab da zanar, har karan ya motsa. Aka yi gyaran murya, gajere, sau biyu a jere. Gabansa ya faɗi tun kafin a yi magana, don duk duniya mutum ɗaya ya sani mai irin wannan gyaran murya.

"Assalamu alaikum."

Inna ce. Zara'u ce, wadda ya baro da safe tana ɗaure kwandon daddawa za ta shiga motar kasuwa, wadda ko gaisuwar Faransanci ba ta taɓa yarda ta koya ba, wai harshenta ya tsufa. Kansa ya ɗau zafi. Lalla ta kaɗa masa hannu ya amsa. Ya amsa sallamar da wata murya da shi kansa bai santa ba, rawani ya rufa masa asiri.

Ta fara. Larabcin a karye yake, Hausa na leƙowa ta kowace kusurwa, amma ana ganewa. Ta ce ita daga Nijar take kira. Ta ce ɗanta take nema. Sannan ta ce:

"*Wildi ismu* Sabiru."

Ɗana sunansa Sabiru. Haka ta faɗa, a fili, ba ta ci ko harafi ɗaya ba. Tunda uwarsa ta haife shi, yau ne ya fara jin yadda sunansa yake a bakinta. Ashe jan wasalin farko take yi kaɗan. Ya zauna kamar an dasa shi.

Lalla ta buga ƙafa. Aikinsa ne ya yi kamar bai ji ba, ya sa a maimaita. Bai san lokacin da bakinsa ya ce "Wa?" da Larabci ba.

"Sabiru," ta ce da ƙarfi. "Sabiru Mamman."

Mata suka yi 'yar dariya a can. Wata ta ce, "Kai, Zara'u an goge! Ranar hwarko bakin nan ƙi ya yi, sai da Lalla tac ce in ba ki hwaɗi sunan ba wa za a nemo miki? Ta yi ta zuhwa awa wadda aka sa dakan gero."

"Ku ƙyale ni," in ji Zara'u da Hausa. "Ai Larabci ne, ba Hausa ba. Kuma ba ya nan."

Ta koma kan karatunta. Lalla ta koya musu cewa suna kaɗai ba ya isa, don can ana iya kwantar da mutum ba takarda a jikinsa, dole uwa ta iya faɗin kamannin ɗanta. Zara'u ta fara jerowa. Dogo ne, baƙi. Haƙorinsa na sama ɗaya ya gutsure. Yana da tabon wuta a ƙwaurin hagu. Sabiru ya tuna wutar, yana ƙarami a ɗakin kakarsa ya faɗa murhu, ya kuma tuna yadda ya yi ta kuka yana duban ƙofa, Inna ba ta shigo ba. Ta ce ɗan yatsansa na dama ya karkace, tun faɗuwar babur. Bai taɓa gaya wa kowa a gida ya faɗi ba. Ta ce yana da baƙin tabo bayan kunnen dama, kamar ƙwayar wake.

Ya kai hannu bayan kunnensa, ƙarƙashin rawani. Ya shafa. Ga shi nan kuwa, ɗan tudu ƙarami, wanda duk tsawon rayuwarsa bai san da shi ba. Matar da ba ta taɓa dubansa ba ta san bayan kunnensa. Yaushe take kallonsa? Ashe duk sanda ya juya baya zai fita, idonta na kansa.

"*Hay?*" ta tambaya. Yana da rai?

Ya ɗaga ido. Lalla ta kifa tafin hannunta ƙasa.

Ya girgiza kai. Lalla ta ɗaure fuska ta sake kifawa, da ƙarfi wannan karon. Ita ba ta san komai ba. Mai Ja aka aiko mata, Sabiru kuwa sun fi a ƙirga tsakanin Mayahi da Tasawa. Kalmar gajera ce, ɗazun nan ya faɗe ta ga wata uwar.

"*Wildi hay?*" Zara'u ta sake tambaya. Yanzu muryar ta fara rawa, ba ta karatu ba ce kuma. Ta san amsar da ake yawan ba sabbin ɗalibai, ta kuma zauna tana jiranta.

Sabiru ya fizge rawanin daga bakinsa.

"Inna," ya ce. "Ni ne."

Sai wani kwano ya faɗi a can ɓangaren, wata ta saki salati, saura suka ɗauka. Lalla ta dube shi, ta leƙa bayan zanar, ta sake dubansa, ta dafe ƙirji.

"Ɗanta ne?" wata ta tambaya cikin raɗa. "Na hwarin? Wanda taf hwaɗi sunanshi yanzu?"

"La'ilaha illallahu. A gabanshi!"

Ya ji motsi dab da zanar, kamar ana jan mayafi ana rufe kai. Ya san halinta. Yanzu za ta tashi ta suri kwandonta ta fice, ƙila ta yi mako ba ta yarda sun haɗu ko a ƙofar gida ba, shi kuwa gobe yana hanya. Kunya ta kama shi shi ma, kamar wanda ya faɗa ɗaki ba sallama. Ya so ya ba ta haƙuri, ya so ya tambaye ta tun yaushe take zuwa nan, ya so ya ce abubuwa da yawa, amma bai taɓa koyon yadda ake yi mata magana doguwa ba.

Ba ta tashi ba. Da ta yi magana, ba da shi ta yi ba.

"Malama," ta ce, muryar na fitowa daga cikin mayafi. "Abin da kinka koya muna duk na nema ne. In mutum bai kai ga tahiya ba hwa? Ƙaƙa ake ce mai kak ka tahi?"

Lalla ta juya wajenta. "*Ma timshish,*" ta ce a hankali.

Zara'u ta gwada, harshenta ya harɗe a tsakiya. Lalla ta sake faɗa. Ta sake gwadawa, ya sake harɗewa. To, ƙa'idar ajin ce in sabuwar kalma ta gagari ɗaya, duka su ɗauka tare har ta zauna mata. Ba wanda ya ba da umarni. Rukaiya ce ta fara, saura suka bi, tsofaffi da matasa, masu ɗa a Sabha da masu miji a Tarabulus da waɗanda ba su san inda nasu yake ba. *Ma timshish. Ma timshish.* Tsakar gida guda ta iyaye mata tana faɗa wa zana kada ka tafi, shi kaɗai a bayanta kan kujera 'yar tsugune. Wata a cikinsu ta kasa ƙarasawa ta fashe da kuka, ba wadda ta ce ta yi shiru.

Suka tsagaita. Zara'u ta yi gyaran muryar nan tata, ta faɗa ita kaɗai, daidai, ba tuntuɓe.

"Sabiru. *Ma timshish.*"

Ladan ya kira azahar daga masallacin kasuwa. Kafin ya sauke, salula ta ɗau ƙara a aljihun Sabiru, kowa na ji. Haladu ne. Ya dube ta tana ta ruri. Ba abin da ya sauya tun safe: rumbu bai cika ba, esansi bai sauko ba, gobe ma 'yan kabu-kabu za su fi fasinja yawa. Ya san duk wannan, ya kuma ji tsoron zaman ya fi na tafiyar. Ya danna ya kai kunne.

"Mai Ja, kana ina?" Haladu ya yi ta faɗa har ana ji daga can. "Mai sayen ya iso tun ɗazu, rana na dukanmu. *Bon*, ka kawo makullin mu gama."

"Haladu, ka ba shi haƙuri."

"Haƙurin mi?"

"Ja ba na saidawa ba ne." Ya ɗaga murya fiye da yadda salula ke bukata. "Na hwasa."

"Ka hwasa? Kai, ka haukace? Libiyar hwa? Duk Larabcin nan da kash sha?"

"Ina da hwasinja zuwa Gidan Amumune. Dattijuwa ce, da kayanta."

Ya kashe tun Haladu bai gama zaginsa ba.

Can bayan zanar aka ja hanci, aka gyara zama. Muryar Zara'u ta dawo yadda ya santa, busasshiya, ta nufi wani wuri daban.

"Rukaiya, wani shi gaya ma direban nan ban saida ko rabin daddawata ba. In yana iya jira, shi jira."

Mata suka yi dariya da hawaye a fuska. Sabiru ya sunkuyar da kai, shi ma dariyar ce ta zo masa ta haɗe da wani abu, ya toshe baki da rawanin. Yana haka ya ga inuwa a kansa. Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama ta zagayo ƙarshen zanar, abin da ba a yi a ajin. Ya gane ta tun ba ta yi magana ba.

"Ta ce ka jira," in ji Rukaiya.

"Na ji, Inna."

Ba ta koma ba. Ta tsaya tana dubansa tun daga kai har ƙafa, a hankali, ba kunya, tunda ba nata ba ne.

"Ɗana, tunda kana nan, in roƙe ka abu guda. Na iya na kaso, na iya na likita, na iya wancan. Amma ban taɓa jin yadda ake cewa yana lahiya, ga shi nan tahe gida ba. In anka kira anka hwaɗa min haka, ba ni ganewa." Ta dubi Lalla kamar mai neman izini. "Shi hwaɗa min sau guda in ji. Da irin muryar nan ta ɗazu."

Lalla ta kau da kai tana goge ido da bakin lulluɓi. Rukaiya ta koma bayan zanar, ya ji uwarsa ta tashi, ita ta zauna a wurin. Sabiru ya ɗauki rawanin ya sake naɗe bakinsa. Ta yi sallama, ta faɗi sunanta, ta ce ita ce uwar Lamine, ta tambaya ko yana nan.

Ya gaya mata. Ta ce bai fita sosai ba, ya ƙara faɗa a hankali.